Ranar da Injiniya Ya Je Gyaran Kufai

Mijin yayata magini ne, amma kada ka kuskura ka kira shi magini. Injiniya yake, kuma shi ya naɗa kansa, ranar da ya tsinci wata hular kwano mai ruwan ɗorawa a wurin aiki. Tun daga ranar bai sake fita babu ita ba, ko da duba mara lafiya za shi.

Aikinsa kuwa duk layinmu an san shi. Shi ya gina wa maƙwabcinmu Direba garejin da mota ke shiga cif, ƙofarta ba ta buɗuwa, sai dai Direba ya fito ta taga. Shi ya yi wa mai shagon kan kwana matakalar da ta hau ta hau ta ƙare a jikin bango. In ka yi magana ya gyara zaman hula ya ce sabon salo ne, mutanen layin ne ba su waye ba.

To, Babanmu ya yi ritaya ya sayi fili, zai gina gidan da ya daɗe yana buri. Yaya ta sa shi gaba da magiya a ba mijinta aikin. Ta gaji da yadda Baba ke kiransa "wannan mutumin naki". So take ko sau ɗaya ta ji mahaifinta ya yabi mijinta a gaban jama'a, kuma tausayi take ba ni, don tana ƙaunarsa da gaske. Baba ya ce zai duba.

Ana cikin haka Baba ya ce yana sha'awar ganin tsohon birnin nan na mutanen da, mai ɗakunan bauta na dutse, wanda ya zama kufai tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Wai ko ya samo fasalin da zai sa a ƙofar gidansa. Injiniya na ji ya yi zumbur ya miƙe.

"Baba, ni zan kai ka. Birnin nan na san shi kamar aljihuna."

"Ka taɓa zuwa?" na tambaye shi.

"Ke, ƙanwata, gini ai gini ne. Wanda ya san ɗaya ya san duka."

Ranar tafiya muka cika motar Direba: Baba a gaba, ni da Yaya da Goggo, ƙanwar Baba, a tsakiya da kulolin abinci. Injiniya ya zauna a baya rungume da wata ƙatuwar jaka. Ya ce kayan awo ne. Duk ramin da muka faɗa sai farar ƙura ta tashi daga jakar, Goggo ta yi atishawa.

A bakin ƙofar birnin akwai masu yi wa baƙi jagora. Ɗaya ya matso ya gaishe mu, Injiniya ya ɗaga masa hannu.

"Ajiye bakinka, abokina. Mun zo da namu."

Muka shiga. Ginshiƙai ne na dutse jere a layi, kowanne sai ka ɗaga kai har wuyanka ya yi ciwo kafin ka ga ƙarshensa. Ga wata matakala mai faɗi da ta hau zuwa wani babban ɗakin bauta, ciyawa ta fito ta tsakanin duwatsun, ƙadangaru na shan rana. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai muka ji salati a bayanmu.

"Innalillahi! Wa aka ba wannan kwangila?"

Injiniya ne, ya dafe hula da hannu biyu.

"Ku duba, jama'a! Ba rufi. Ba ƙofa. Ba taga ko ɗaya. Ko filasta ba a yi ba! Mutum ya karɓi aiki irin wannan ya kai shi linta ya gudu?"

"Ya shekara dubbai fa," in ji Direba.

"To ka gani! Shekara dubbai ba a gama ba. Ni da ka yi ta yi min surutu don na ɗan jinkirta maka gareji."

"Ni dai da ka bar min shi ba a gama ba, da ta ƙofa nake fita."

Injiniya bai kula shi ba. Ya ciro ma'aunin ruwa daga jaka, irin sandar nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da magina ke duba daidaiton bango da ita. Ya ɗora a kan dutse, ya girgiza kai, ya ja tsaki. Ya matsa gaba ya ɗora a kan wani, ya sake jan tsaki.

Nan ne wata tawagar baƙi 'yan yawon buɗe ido suka hango shi. Nasu jagoran ya tafi neman wani da ya ɓace musu. Suka ga mutum da hular kwano da kayan awo yana jan tsaki, suka ɗauka babban ma'aikacin wurin ne, suka yo kansa da kyamarori. A gabansu akwai wata doguwar mata mai jar laima. Ba sa jin yarenmu ko kalma ɗaya, shi ma ba ya jin nasu. Wannan bai dame shi ba. In ya ga ba su gane ba sai ya ƙara murya.

Ya kai su gaban wani faffaɗan dutse mai kwarmi a tsakiya, wanda allon wurin ya ce a kansa ake ajiye hadaya.

"Nan wurin wanki ne," ya ce, yana kwatanta cuɗa tufafi. "WAN-KI! Amma ba su sa famfo ba. Kun ga irin ha'incin?"

"Wan-ki," in ji Mai Laima, ta ɗauki hoto.

Ya nuna musu rubutun mutanen da a jikin bango, ya ce lissafin leburori ne, kuma ko daga nan ya ga an cuci wani. Ya nuna musu wani gunkin zaki da hancinsa ya gutsure, ya ce siminti ne aka yi wa rowa. Baƙi na gyaɗa kai, shi kuma yana satar kallon Baba. Yaya ta matse min hannu.

"Kin ga yadda suke saurarensa?" ta ce a hankali, idonta na ƙyalli.



Daga nan Injiniya ya ce zai kai mu babban ɗakin bauta ta gajeriyar hanya. Muka shiga wani lungu, muka fita wani, muka sake shiga wani. Sau uku muna wuce zakin nan mai guntun hanci.

"Wannan zakin ba shi muka wuce ɗazu ba?" in ji Goggo.

"Ƙaninsa ne, Goggo. Da yawa suka sassaƙa."

"Har da takalmin Direba da ya tsinke ya bari a gabansa?"

A ƙarshe muka faɗa wani dogon zaure mai duhu da sanyi, rufinsa na dutse bai faɗi ba. Injiniya ya yi gyaran murya. Daga can ƙurya wani ya yi gyaran murya. Injiniya ya tsaya cak.

"Na faɗa muku," ya raɗa mana. "Ɗan kwangilar ne ya ɓuya." Ya ɗaga murya: "Kai waye?"

"Waye?" in ji zauren.

"Ni kake tambaya?"

"Tambaya!"

"Ba ka da kunya!"

"Da kunya!"

"Ya ce yana da ita," in ji Direba.

"Injiniya," Yaya ta ja hannun rigarsa, "amsa-kuwwa ce fa."

"Bari, ke ba ki san irinsu ba. Kai! Ka ci kuɗin mutane ka bar musu kango! Maƙaryaci!"

"Maƙaryaci!"

"Ni ne maƙaryaci?"

"Maƙaryaci!"

Goggo ta zauna a kan dutse tana dariya har da hawaye. "Wannan ya san ka," ta ce. "Wallahi ɗan layinku ne."

Baƙi suka ɗauka wasa ne da ake yi wa masu ziyara, suka ɓarke da tafi. Zauren ya mayar da tafin ninki biyu. Injiniya ya ji, ya juyo ya ɗan rusuna, ya ce wa Baba, "Ka ji ko? Har yaransa sun sallama."

Baba ya juya ya nufi waje.

Da rana ta take muka sami inuwar wani bango muka baje burodi da dafaffen ƙwai. Injiniya ya ce shi ba ya cin abinci a bakin aiki, ya ɗauki jakarsa ya ɓace. Can Goggo ta laluba ta ce ina babbar kularta. Direba ya ɗaga jarkar ruwan shanmu ya ji ta fayau. Muka kalli juna. Kafin wani ya yi magana sai ga Injiniya ya dawo, hannuwansa fari fat har gwiwa, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Baba, taso ka ga aiki."

A saman babbar matakalar nan akwai gumakan sarakuna a zaune, duk ba kai. Kawunan suna gefe a cikin ciyawa haɗe da na wasu gumakan dabbobi, an kewaye su da igiya, kowanne da lambarsa. Injiniya ya tsallaka igiyar, ya kwaɓa siminti a cikin kular Goggo da ruwan shanmu, ya ɗauki kai ɗaya ya liƙa wa sarkin tsakiya. Ya lulluɓe shi da mayafin Yaya. Sai da baƙi suka taru, Baba ya hau yana haki, sannan ya fizge mayafin.

Kan rago ne, da ƙahoninsa a murɗe. Kuma baya yake kallo.

"Me ya sa yake kallon baya?" in ji Direba.

"Sarki ne. Yana duba talakawansa."

"Da ƙaho?"

"Kambi ne, jahili."

"Kulata!" in ji Goggo. "Kular da na yi shekaru ina lallaɓawa! Ka kwaɓa min siminti a ciki, don ubanka magini ne?"

"Goggo, sunanki ya shiga tarihi."

Mai Laima ta matsa kusa don ta ɗauki hoto. Injiniya ya tsaya a gefen sarki, ya dafa ƙahon da hannu ɗaya kamar shi da abokinsa. Simintin kuwa ɗanye ne sharaf. Kan ya ɗan juyo a hankali, kamar ya ji an kira shi, ya sulluɓe ta kafaɗar sarki, ya faɗo ƙasa tim, ya kama hanyar matakala.

Ban taɓa ganin dutse mai zuciya irin wannan ba. Yana sauka yana tsalle, gum, gum, gum, mutane na darewa. Wani mai hawa ya watsar da jakarsa ya rungume ginshiƙi. Injiniya ya bi shi a guje yana ihu, "A tare shi! Bai bushe ba!" Hularsa ta fice ta wuce shi, ta wuce ragon ma, ta riga su isa ƙasa. Kan ya gangara ya ratsa fili ya je ya tsaya a hankali daidai ƙafar mai gadin wurin, wani ƙaton mutum mai usur a wuya, wanda ke zaune yana shan shayi. Ko ƙwarzane ragon bai yi ba.

Mai gadi ya kalli rago, ya kalli Injiniya, ya ajiye kofi.

"Wa ya ɗauko wannan?"

"Da kansa ya taho," in ji Injiniya.

Sai da Baba ya sauko ya ba da haƙuri da furfurarsa, aka sa Injiniya ya wanke wuyan sarki tas kafin simintin ya kama, ya mayar da kan inda yake. Mai gadi ya ƙwace cokalin gini da ragowar siminti, ya ce in ya sake ganin hannunsa a kan dutse zai kira hukuma. Ya tafi ya faɗa wa shugabansa. Abin da bai sani ba, akwai igiya a ƙasan jakar.

Baba ya ce a tattara a tafi, bari ya ɗan zaga. Ya ɗauki buta ya nufi banɗakin baƙi, wani ɗan ɗaki na kwanon rufi da aka kafa a kan ƙarafa huɗu a gefen fili. Yaya ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Injiniya ya dube ta, na ga fuskarsa ta canja, don shi ma a nasa haukan yana son ta.

"Kada ki damu," ya ce. "Kafin Baba ya fito zan yi abin da zai manta da rago."

"Don Allah ka zauna."

"Zama ai na leburori ne."

A tsakiyar filin akwai wani ginshiƙi shi kaɗai, dogo, ya ɗan karkata gefe guda. Duk wanda ya zo sai ya ɗauki hoto da shi saboda karkatar. Injiniya ya ɗora masa ma'aunin ruwa, ya ja tsakin da ya fi na safe.

"Wannan abin kunyar zan miƙar."

"Mai gadi ya ce kada ka taɓa dutse," na ce.

"Hannuna ya ce. Igiya ce za ta taɓa."

Ya yi zarge ya wurga, sai a karo na barkatai ya samu ta kama wuyan ginshiƙin. Matsalar ita ce, ɓangaren da ya kamata a ja akwai wani tsohon rami mai zurfi, ba wurin tsayawa. Injiniya ya duba hagu ya duba dama, ya ce wannan ƙaramin lissafi ne. Ya zaga da igiyar ta bayan ƙarfen da ke kusurwar banɗaki, ya dawo da bakinta fili, yadda in an ja daga nan za ta ja ginshiƙin can.

"Baba na ciki fa," in ji Direba.

"Shi ya sa. Yana fitowa ya ga aiki a gabansa."

Ya tafa hannu ya kira baƙinsa. Suka zo da murna, sun ɗauka wani wasan ne. Mai Laima ta naɗe laimarta ta kama gaba, sauran suka jeru a bayanta, har da wani tsoho mai gajeren wando. Injiniya ya hau kan dutse ya gyara hula.

"In na ce ja, ku ja. JA!"

"Ja!" suka amsa, suka ja.

Ginshiƙi ko gezau.

"Ba ku ci abinci ba ne? JA!"

Suka ja. Igiya ta miƙe tana ƙara. Wani abu ya ce ƙiiii.

"Kun ji? Ya fara motsi! Shekara dubbai yana jirana! JAAA!"

Suka tattara ƙarfinsu suka ja. Ƙarfen kusurwar banɗaki ya tumɓuke daga ƙasa da guntun simintinsa. Baƙi suka zube a kan juna, ƙafafu a sama. Rufin ya zame ya yi gefe. Bangon kwano na gaba ya faɗi, ƙwaram! Na hagu ya bi shi, na dama ya bi, na baya ya ɗan yi tunani, shi ma ya kwanta.

Ƙura ta lafa. Ga Baba a tsaye a tsakiya, buta a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tazugen wando, tabarau a karan hanci. Allah ya taimake mu ya riga ya gama. Kowa na filin ya juyo. Masu jagora, masu sayar da ruwa, mai gadi da shugabansa da suka taho a guje, duk suka yi cirko-cirko. Mai Laima ta tashi zaune, ta lalubo kyamararta.

"Wan-ki?" ta tambaya.

Baba ya ƙarasa ɗaure tazugensa a natse. Ya taka bangon kwano ya fito, ya zo gaban Injiniya ya tsaya.

"Baba, ka ga dai irin aikin da ake yi yanzu. Ƙarfe ko taku biyu ba a binne ba. Da ni na—"

"Riƙe min butar nan," in ji Baba.

Ya riƙe. Baba ya juya wajen shugaban wurin ya fara ba da haƙuri karo na biyu. Aka daɗe ana magana. Injiniya ya yi tayin sake gina banɗakin kyauta, shugaban da mai gadi suka ce "A'a!" a tare. A ƙarshe aka yarda Baba zai turo wani maginin, aka ɗauki hoton Injiniya don a liƙa a bakin ƙofa, kada a sake barinsa ya shiga. Ya nemi a bari ya gyara hula tukuna.

Muka kama hanyar gida. Goggo ta rungume kularta da ta zama dutse. Yaya tana ta share hawaye a ɓoye. Sai da muka shigo layinmu Baba ya yi gyaran murya.

"Injiniya."

Yaya ta ɗago da sauri. Bai taɓa kiransa haka ba.

"Na'am, Baba!"

"Na yi shekaru ina ganin magina. Ban taɓa ganin wanda ya kwantar da ɗaki bango huɗu cikin ƙiftawar ido, mutum na ciki, ko ƙwarzane bai yi ba, sai kai. A filina akwai wani tsohon kango da nake son a kawar. Na ba ka rusau. Gini kuwa, in na ga ka ɗora bulo ɗaya a kan wani, ko da wasa ne, sai na sa an ɗaure ka."

Injiniya ya daki kujerar gaba don murna.

"Kin ji ko?" ya ce wa Yaya. "Bai taɓa ganin irina ba! A gaban mutane ya faɗa!"

Yaya ta dube ni, ta dubi ƙeyar Baba, ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta yi duka biyun.

Washegari da sassafe ya ɗauki guduma da igiya ya tafi filin Baba, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa an ƙara masa girma. Har yanzu da nake ba ku labarin nan yana can yana fama. Kangon na nan tsaye daram. Katangar maƙwabci ce ta faɗi.